Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Jakadan Birtaniya: A Kawo Mana Rahotannin Magabatanku Gida

Zuwa ga Mai Girma Jakadan Birtaniya a Najeriya,
Abuja.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni malamin tarihi ne a Zariya, kuma buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto muku a bainar jama'a. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1960 Birtaniya take ajiye jakada a ƙasar nan, in ban da 'yan lokutan da aka ɓata. Kowane ɗaya daga cikinsu ya riƙa rubuta wa Landan abin da ya gani, da wanda ya gana da shi, da abin da aka faɗa masa a asirce, da shawarar da shi kansa ya ba shugabanninmu. Waɗannan takardu suna jibge a ma'ajiyar tarihin ƙasarku da ke Kew, a yammacin Landan, kuma dokarku ta riga ta buɗe da yawa daga cikinsu. Abin da nake roƙo shi ne a ɗauki hotonsu, a kawo kwafi Kaduna da Ibadan da Enugu, a kuma sa su a intanet kyauta, domin ɗan Najeriya ya karanta ba sai ya nemi biza ba.

Na san za a ce ai takardun gwamnatin Birtaniya ne, ma'aikatanta suka rubuta, da kuɗinta aka biya su. Gaskiya ne. Amma a dubi mutanen da aka turo, a dubi ranakun da suka tarar a nan, a dubi ɗakunan da aka shigar da su alhali 'yan ƙasa suna waje, sannan a faɗa mini ko tarihin wa ke cikin takardun.

Wanda kuka fara turowa bai taso cikin aikin jakadanci ba. Antony Head tsohon soja ne kuma ɗan siyasa, ya riƙe ma'aikatar yaƙi tun 1951, ya zama ministan tsaro a watan Oktoban 1956, daidai lokacin da Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar saboda Gamal Abdel Nasser ya karɓe mashigin Suez. Bayan shekara huɗu aka ba shi sarautar Lord, aka turo shi Legas. Zaɓen mutum irin wannan ya nuna inda hankalin Landan yake a lokacin. Akwai yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla tare da ba da 'yanci, wadda ta ba jiragen sojan Birtaniya damar ratsa sararin samaniyarmu da sauka a filayen jirginmu. Ɗaliban Ibadan suka yi tattaki har majalisa a Legas a watan Nuwamban 1960 suna cewa ba su yarda ba, 'yan adawa suka riƙe maganar, har gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da taku suka soke ta a watan Janairun 1962. A waɗannan shekaru jakadanku ba baƙo ba ne irin sauran jakadu. Gwamnan Jihar Arewa, Sir Gawain Bell, ɗan ƙasarsa ne, bai bar Kaduna ba sai 1962 da Sir Kashim Ibrahim ya gaje shi. Shugaban 'yan sanda Bature ne har zuwa 1964. Babban kwamandan soja ma Bature ne, Janar Welby-Everard, wanda bai miƙa wa Aguiyi-Ironsi ba sai 1965. Ga kuma mataimakan jakada a Kaduna da Enugu da Ibadan, kowanne yana shiga gidajen firimiyoyi da ministoci yana rubuta abin da ya ji. Duk mai son sanin yadda Jamhuriya ta Farko ta yi tafiya daga ciki, yadda Sardauna da Awolowo da Azikiwe suke magana in ba a gaban 'yan jarida ba, dole ya bi ta kan waɗannan rahotanni.

Inda na fi son ku tsaya ku saurare ni shi ne shekarar 1966, zamanin Sir Francis Cumming-Bruce. A gabansa aka yi taron shugabannin ƙasashen Commonwealth a Legas kan batun Rhodesia (Zimbabwe ta yau), wanda Firayim Minista Harold Wilson ya halarta. Kwana kaɗan da watsewar taron, ranar 15 ga Janairu, aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Akintola a Ibadan, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa da Okotie-Eboh a Legas aka kashe su, tare da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. A watan Mayu Ironsi ya kafa Doka ta 34 da ta rushe jihohi, garuruwan Arewa suka ɗauki kiran araba, aka zubar da jini. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan, ƙasa ta kwana uku ba shugaba.

A waɗannan kwanaki uku, a barikin Ikeja, hafsoshi da dama, Murtala Muhammed na gaba-gaba, niyyarsu a raba ƙasa kowa ya kama gabansa. Har sun fara tura iyalansu gida. Waɗanda suka shiga suka fita don hana wannan sun haɗa da manyan sakatarorin gwamnati, da Alƙalin Alƙalai Sir Adetokunbo Ademola, da Alhaji Sule Katagum, da kuma baƙi biyu: jakadanku Cumming-Bruce da jakadan Amurka Elbert Mathews. Ranar 1 ga Agusta Yakubu Gowon ya yi wa ƙasa jawabi a rediyo, bai ayyana ɓallewar Arewa ba. Najeriyar da nake rubutu daga cikinta yau, da wadda kuke wakilci a cikinta, ta fito ne daga shawarwarin waɗannan kwanaki.

Ni dai ina cikin masu gode wa Allah da ba a raba ba. Na dubi taswira, na dubi inda teku yake, na dubi dubban Hausawa da ke Sabo a Ibadan da Agege da Fatakwal, da dubban Ibo da Yarbawa da ke Sabon Gari a Kano da nan Zariya, na san abin da rabuwa za ta jawo. Amma ina koyar da yara waɗanda ke jin wata magana dabam a Facebook da wuraren hira. Wasu na cewa Turawa ne suka tilasta wa Arewa zama saboda man fetur ɗin Shell da BP. A kudu maso gabas wasu na cewa Birtaniya ce ta ɗora Gowon don ta danne Ibo. Kowane ɓangare yana rantsuwa, kuma ba wanda ya riƙe takarda ɗaya a hannu. Alhali saƙonnin da Cumming-Bruce ya aika Landan a wannan mako an adana su, da amsoshin da aka ba shi, da rahotannin mataimakinsa na Kaduna kan kashe-kashen watan Satumba da Oktoba, lokacin da aka hallaka dubban 'yan kudu maso gabas a garuruwanmu, abin da har yau bai kamata ɗan Arewa ya kau da kai daga gare shi ba. Masana daga jami'o'in Turai da Amurka sun zauna a Kew sun karanta, sun rubuta littattafai masu tsada da ba sa zuwa shagunanmu. Jikokin waɗanda aka kashe, da jikokin waɗanda suka yi kisan, su ne ba su gani ba.

Sir David Hunt ya zo a 1967, mutumin da ya taɓa zama sakataren firayim ministocinku Attlee da Churchill, ya kuma yi jakadanci a Uganda da Cyprus. A zamaninsa Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara yaƙi ranar 6 ga Yuli. Hunt ya tsaya tsayin daka a bayan gwamnatin tarayya, yayin da mataimakinsa na Enugu, James Parker, yake aika rahotannin da suka fi nuna fahimtar damuwar mutanen Gabas. Ofishi ɗaya, murya biyu, kuma Landan ta saurari ta Legas. Birtaniya ta ci gaba da sayar wa tarayya makamai duk da ihun da ake yi a majalisarku kan hotunan yara masu kumburin yunwa, Tarayyar Sobiyet ta kawo jiragen yaƙi, Faransa ta bi ta Gabon da Côte d'Ivoire tana taimakon Biyafara. Wilson da kansa ya dawo Legas a watan Maris na 1969. A unguwanninmu har yanzu akwai sauran tsofaffin da suka yi wannan yaƙi, wasu da harsashi a jiki, suna ba da labarin Onitsha da Abagana da Owerri. Sun san abin da suka gani a fagen daga. Abin da aka tattauna a kansu tsakanin Legas da Landan, nawa za a ba su, yaushe za a rage, me ake tsoro game da rijiyoyin mai, wannan yana Kew.

Akwai wata takarda ta Hunt da ta riga ta fito, kuma ba zan ɓoye muku cewa ta yi mini ciwo ba. A al'adarku ta da, jakada in zai bar ƙasa yakan rubuta rahoton bankwana ya faɗi ra'ayinsa ba tare da sakaya ba, al'adar da aka dakatar a 2006. A 2009 gidan rediyon BBC ya nemi irin waɗannan rahotanni ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, ya karanta wasu a iska. A nasa na 1969, Hunt ya rubuta cewa 'yan Najeriya suna da wata ɗabi'a mai ban haushi ta zaɓen duk hanyar da za ta fi cutar da su, ya kuma faɗaɗa maganar ga 'yan Afirka baki ɗaya, cewa sukan yanke hancinsu don huce haushi su ɗauka kwalliya suka yi. Wannan shi ne mutumin da Gowon ke tarba da girmamawa a barikin Dodan, wanda shawararsa ke da nauyi a kan rayukan miliyoyin mutane. Shekara 40 muka yi ba mu san abin da ya rubuta a kanmu ba, kuma da muka sani, a shirin nishaɗi na masu sauraron Ingila muka ji. Duk da haka na fi son in karanta da in zauna a duhu. Ba ina cewa duk jakadunku haka suka ɗauke mu ba. Hanyar da za a tabbatar da hakan kuwa ita ce a bari mu karanta na sauran.

Ko a ƙarshen yaƙin ma takarda ce daga ofishinku ta tayar da ƙura. Kanar Robert Scott, mai ba jakada shawara kan harkar soja a zamanin Sir Leslie Glass, ya rubuta rahoton sirri kan rauni da ƙarfin sojan tarayya. Jaridar Sunday Telegraph ta buga shi ranar 11 ga Janairu, 1970, kwana huɗu kafin Biyafara ta miƙa wuya a Legas. Najeriya ta kori Scott, gwamnatinku ta gurfanar da ɗan jarida Jonathan Aitken da editan jaridar a kotu, aka wanke su a 1971. Mai karatun jarida a Landan ya san yadda ofishinku ke auna sojojinmu tun kafin iyayen sojojin su sani.

Sai ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Babu gidan Bahaushe da ba a san wannan rana ba. An harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikin motarsa a Legas, tare da dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa, aka kuma kashe Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara. Wata guda kafin nan Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya ce Afirka ta balaga, ba za ta karɓi umarni daga wata babbar ƙasa kan Angola ba, bayan Shugaba Ford na Amurka ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana jan kunnensu game da MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke neman mulkin Angola. A safiyar kisan, bayan Laftana Kanar Buka Suka Dimka ya yi sanarwarsa a rediyo, sai ya nufi ofishin jakadancinku ya ga Sir Martin Le Quesne, ya nemi a haɗa shi da Gowon, wanda ke karatu a Jami'ar Warwick tun bayan kifar da shi a watan Yulin 1975. Le Quesne bai biya masa buƙata ba. Amma zuwan kaɗai ya isa. Ɗalibai suka far wa ofishinku da na Amurka, suka yi ɓarna. Ƙasa na cikin makoki, jakadan ya gabatar da maganar diyyar abin da aka fasa, gwamnatin Obasanjo ta ga wannan a matsayin rashin ta ido, a watan Maris ta nemi a janye shi. Najeriya ta nemi a miƙo Gowon, Birtaniya ta ƙi. Aka harbe Dimka a watan Mayu. Kujerar jakada ta zauna ba kowa sai 1977 da Sir Sam Falle ya zo.

Ranku ya daɗe, kusan rabin ƙarni ke nan, kuma in kuka shiga kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari kuka tambayi dattawa wa ya kashe Murtala, da yawa ba za su tsaya a kan Dimka ba. Za su ce Turawa ne. Wannan zargi yana nan daram a zukatan mutanen da ke ganin hoton Murtala kullum a takardar naira 20, suna kai marasa lafiyarsu asibitin da ke ɗauke da sunansa a Kano. Ba na ɗora wa gwamnatinku laifin da ba a tabbatar ba, kuma ba na koya wa ɗalibaina haka. Abin da nake cewa shi ne, Le Quesne ya rubuta wa Landan abin da ya faru a ofishinsa a wannan safiya, minti nawa Dimka ya yi, me ya ce, me aka ce masa, wa aka fara sanarwa. Idan hannun Birtaniya a wanke yake, babu mai cin ribar fitar da waɗannan takardu a gaban mutanen Kano kamar Birtaniya.

Sauran tarihin ba sai na ja shi ba. Sir Mervyn Brown bai daɗe da zuwa ba, a ƙarshen Yulin 1979, ana gobe taron Commonwealth a Lusaka, Obasanjo ya karɓe kadarorin BP saboda Rhodesia da Afirka ta Kudu, gidajen mai suka koma AP. A watan Yulin 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan, jami'an kwastam suka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, tare da likita ɗan Isra'ila. Kotunku ta ɗaure mutum huɗu, ciki har da Manjo Mohammed Yusufu. Gwamnatin Buhari ba ta taɓa amsa cewa da hannunta ba. Kuka kori jami'anmu biyu, kuka ce kada jakadanmu Janar Haladu Hananiya ya koma Landan, mu ma muka kori naku biyu, jakadanku Hamilton Whyte ya tafi, aka zauna ba jakada a ɓangarorin biyu har 1986 da Martin Ewans ya zo. A zamaninsa Margaret Thatcher ta zo Kano a watan Janairun 1988, Sarki Ado Bayero ya yi mata hawa, masu zanga-zanga kuma suna tuna mata da matsayinta kan takunkumin Afirka ta Kudu. A 1995, zamanin Thorold Masefield, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, aka dakatar da Najeriya daga Commonwealth, ba ta koma ba sai 29 ga Mayu, 1999. Tun da dokarku ta rage wa'adin ɓoye takardu daga shekara 30 zuwa 20, har zamanin Abacha ya shiga cikin abin da ya kamata a buɗe, da mutuwar Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki, da ta Abiola, da yadda kuɗin ƙasar nan suka bi ta bankunan Landan.

Akwai wani kaso na takardu da matsayinsa ya fi wannan nauyi. A 2011, da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya, waɗanda suka yi wa mulkin mallaka tawaye, suka kai gwamnatinku ƙara, ma'aikatar harkokin wajenku ta amsa cewa tana riƙe da fayil kusan 8,800 da aka kwaso daga ƙasashe 37 gab da ba su 'yanci, an ɓoye su a Hanslope Park shekara da shekaru. Najeriya na cikin ƙasashen. An kuma tabbatar cewa a wurare da dama abin da ba a kwasa ba an ƙone shi. Daga 2012 aka fara kai su Kew, a 2013 kuma ministan harkokin wajenku na lokacin, William Hague, ya tsaya a majalisa ya bayyana nadama kan azabtarwar Kenya, aka biya fam miliyan 19.9, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. Waɗannan fayiloli ba jakada ne ya rubuta su ba. Gwamnatin Najeriya ta lokacin ce ta rubuta su, a ƙasar Najeriya, da harajin da kakanninmu suka biya ta hannun dagatai da hakimai. Halinmu game da su kamar na marayan da takardun gonar mahaifinsa ke cikin adakar wani, an ce masa yana iya zuwa ya duba duk lokacin da ya so, amma gidan yana bayan teku. Waɗannan, a ganina, asalinsu ya kamata a maido, ku ku riƙe kwafi.

Kada a ce abin ba a taɓa yi ba. Shugaba Macron ya yi alkawari a Wagadugu a 2017 cewa Faransa za ta buɗe takardunta kan kisan Thomas Sankara, aka kuma miƙa wa alƙalan Burkina Faso kashi uku kafin shari'ar da aka fara a 2021. Mutanen can sun yi ƙorafin cewa ba a ba da duka ba, amma an kafa misali. A ƙasarku ma Kwalejin Jesus ta Cambridge ta maido zakaran tagulla na Benin a 2021, gidan tarihi na Horniman ya miƙa mallakar kaya 72 a 2022. Takarda ta fi tagulla sauƙi, domin in an ɗauki hotonta ba wanda ya rasa komai. Kuma hanyar a buɗe take ta ɗaya ɓangaren: shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari ya riga ya ɗauki hoton tsofaffin takardu a ma'ajiyar Kaduna ya sa su a intanet, mai bincike a Landan yana karanta su daga kujerarsa. Aiki ne mai kyau, mun gode. A yi mana irinsa daga Kew zuwa Kaduna.

Za ku iya cewa mu fara gyara gidanmu, kuma ba zan musa ba. Ma'ajiyar tarihin ƙasa da masanin tarihi Kenneth Dike ya kafa a 1954 tana fama da rashin kuɗi da rashin wuta, takardu na ruɓewa. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantunmu sama da shekara goma kafin a maido shi. Rahotannin jakadunmu na Landan, tun daga Alhaji Abdulmaliki na farko, da Birgediya Ogundipe wanda ya fi Gowon muƙami a 1966 amma ya ƙare a kujerar jakada, har zuwa Hananiya, ɗalibi ba ya iya zuwa ya ce a ba shi. Wannan magana ce tsakaninmu da ma'aikatar harkokin wajenmu, kuma za mu yi ta. Sai dai sakacin gwamnatinmu ba zai zama hujjar a bar ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ko ta Nsukka ya rubuta kundin digiri kan yaƙin basasa daga abin da wani baƙo ya ga dama ya tsakuro masa ba. Kuɗin biza da jirgi da masaukin wata guda a Landan sun fi albashin malamin jami'a na watanni masu yawa. A aikace, takardar da aka ce an buɗe wa kowa, an buɗe ta ne ga wanda ke da fam a aljihu.

Wuraren ajiya suna nan. Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan da Sardauna ya zauna, an mai da shi cibiyar binciken tarihi tun 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, kuma yana da ma'aikatan da suka san aikin. Akwai Gidan Mambayya a Kano. Akwai rassan ma'ajiyar ƙasa uku. Kuna da British Council a Kano da Abuja da Legas, inda za a iya ajiye kwamfutocin karatu. Idan aka zaɓi muhimman rahotanni aka fassara su zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo, za su kai ga mutanen da abin ya shafa kai tsaye. Ƙasarku ta san darajar Hausa, tunda BBC take watsa shiri da ita tun 1957.

Ba sai an yi duka a rana ɗaya ba. A fara da Janairun 1966 zuwa Janairun 1970, a haɗa da Fabrairu da Maris na 1976, saƙonnin Legas da na Kaduna da Enugu da Ibadan, da amsoshin Landan. Inda aka riƙe wani fayil ko aka shafe wani shafi, a sake duba dalilin, domin kusan duk waɗanda aka ambata a ciki sun riga mu gidan gaskiya. Abin da har yanzu aka ga ba za a saki ba, a ba mu jerin sunayensa da shekarar da za a sake shi. Abin da aka ƙone kafin 1960, in akwai rajistarsa, a ba mu ita ma. Kuma a sa masana tarihin Najeriya, daga Arewa da Kudu, cikin kwamitin da zai zaɓi abin da za a fara ɗauka, kada a zaɓa mana daga can.

Janar Gowon yana raye, ya haura shekara 90. Akwai sauran hafsoshi da manyan ma'aikata da suka ga waɗannan kwanaki da idonsu, waɗanda za su iya karanta rahoton jakada su ce nan ya faɗi daidai, nan kuma bai fahimta ba. Kowace shekara suna raguwa, shi ya sa nake roƙon a fara aikin yanzu. Ina fatan za ku isar da wannan buƙata ga ma'aikatarku da hukumar ma'ajiyar Kew, ku kuma ba da amsa a inda jama'a za su gani, kamar yadda na rubuto a inda za su gani.

Na gode. Allah ya ba mu zaman lafiya.

Naku,
Malamin tarihi,
Zariya.